Daftarin Layin Gabas

Ku da aka ɗauka aiki bana, na ji abin da kuke faɗa a wajen mai shayi. Wai aikin wardiyya, wato karɓa-karɓar tsaron allo, a mahattar kahraba, tashar wutar lantarki, zaman banza ne, mutum ya dubi allura ya rubuta lamba, halas. Kai Mu'awiya, da kunnena na ji ka, kada ka wani sunkuyar da kai. To ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina rubuta lambobin nan a wata ƙaramar mahatta da ke gefen Gadarif, kuma abin da zan gaya muku yau ba yabon kai ba ne. Wallahi da son raina ne da na tafi da shi kabari.

Ranar da na fara aiki, Usta Hamad, babban mahattar, bai bar ni na taɓa ko makunni ɗaya ba. Ya zaunar da ni a gaban allon mitoci, ya dire mini daftari mai faɗi kamar tire, da rula, da biro biyu, shuɗi da ja. Shuɗin na karatun kowace awa ne: ƙarfin wutar da ke shigowa, nauyin da kowane layi ya ɗauka, da zafin man muhawwil, wato babbar tiransifomar da ke gurnani a tsakar gidan. Jan kuwa na katsewa ne. In layi ya faɗi, sai ka ja layi da rula, ka rubuta minti nawa ya faɗi, minti nawa ya dawo, da abin da ya jawo. Da safe ka ɗauki tarho ka karanta wa babban ofis duk abin da ke shafin, a ƙarshen wata kuma mota ta zo ta ɗauki daftarin.

Sati guda ina karatun allura Usta yana gyara mini zama. "Ya walad, miƙe! Daga gefe kake dubawa, allura daga gefe ƙarya take yi." Ya koya mini in ƙwanƙwasa gilashin mita ta uku da gaɓar yatsa kafin in karanta, don allurarta tana maƙalewa. Ya koya mini in fita in ɗora bayan hannu a jikin muhawwil ko da mitar zafi ta ce lafiya lau. Ya koya mini sauraron gurnaninta, har ya zama ina cikin alwala in ji muryarta ta canza in san masu matsar man riɗi sun tayar da injuna. Safar hannu ta roba kuwa sai ka hura mata iska kamar balan-balan kafin ka sa, in ta saki iska ko kaɗan ka jefar. Mutumin nan gwani ne, ba zan ci amanarsa ba, Allah ya jiƙansa. Duk abin kirkin da na iya shi ya koya mini, kuma mugun abin ma a wurinsa na ɗauka.

Layi huɗu ke fita daga mahattarmu. Ɗaya ya nufi kasuwar hatsi, ɗaya cikin gari, ɗaya wajen masu matsar mai. Na huɗun shi ne layin gabas, dogo, mai ratsa gonakin dawa da riɗi ya nufi ƙauyukan hanyar Basunda. Wanda bai san baƙar ƙasarmu ba ba zai gane wahalar wannan layi ba. Da rani ta tsattsage har ƙafarka ta shige, da damina ta kumbura ta zama kunu, sai ka ga turakun wuta sun karkata kamar masu jin barci. Ga motocin buhuna da ake yi wa lodi har su shafi waya, ga rassan ƙaya, ga tangaran ɗin kan turaku da ya tsufa ya tsage, ruwa na taɓa shi sai tartsatsi.

Masu wuta kuma ba su san ofis ba, mu suka sani. Da ta ɗauke sai ka ji ana dukan ƙofar ƙarfe. Mai injin niƙa ya zo da gari har gashin ido, mai ƙanƙara ya zo yana rantse-rantse, tela ya zo da rigar ango a kafaɗa ya nuna maka inda ɗinki ya tsaya. "Ya usta, kun kashe mu!" Kai da ba ka ɗauke ba, kai za ka ba da haƙuri. Na sha zagi da Larabci, na sha da Hausa, har da yaren Habasha an taɓa yi mini, ban ji ba amma na gane.

To ga al'adar da na tarar. In layi ya faɗi, ƙararrawa za ta ɗau kuka, wata 'yar tuta ta faɗo a kan allo. Sai ka kashe ƙararrawar, ka ɗaga tutar, ka jira kaɗan, ka mayar da makunni. Sau da yawa sai ya zauna, wuta ta koma. Ranar da na fara ganin haka na ɗauki jan biro da zumuɗi, Usta ya riƙe mini wuyan hannu.

"Me za ka rubuta?"

"Katsewa, ya Usta."

"Ina katsewar? Ga wuta can. Wannan ƙiftawa ce. Abin da ya zauna da ka mayar, ba a sa masa ja."

Daga baya na gane dalili. Kowane jan layi a daftari takardar tuhuma yake haifarwa daga ofis: me ya sa, wa ke wardiyya, me ya yi. Usta kansa yana saurayi ya taɓa cika shafi da ja, aka ce shi ne bai iya aiki ba, aka wurga shi Gallabat, can bakin iyaka, ya yi damina biyu nesa da iyalinsa. Tun daga nan ya rantse. Kuma ba shi kaɗai ba, kowa haka yake yi. Tsabtar daftari ita ce kwalliyar ma'aikaci. In an haɗu a ofis sai ka ji ana cewa wane daftarinsa fes, ba ja ko ɗigo. Akwai wani bawan Allah a mahattar yamma da yake rubuta komai, ko tsuntsu ne ya taɓa waya sai ya sa ja. Muka sa masa suna Mahauci, don shafinsa kullum jina-jina. Ni ma na yi masa dariya, har na fi kowa.

Da a ƙiftawa abin ya tsaya da sauƙi. Amma layin gabas yana da wani hali. In ya faɗi ka mayar, a wurinmu zai zauna lafiya, alhali can nesa, inda reshe ya rabu ya shiga ƙauyuka, fis ya riga ya ƙone. Mu muna ganin wuta, su suna cikin duhu, kwana biyu, kwana uku, har sai wani ya hau mota ya zo ya faɗa. Kada ku ce ba a iya sani daga mahatta. Ana sani sarai. Allurar nauyi takan sauka ƙasa da inda ta saba, don garuruwa sun fita daga kan layin. Duk wanda ya yi shekara a gaban allon nan zai gani. Ni na gani. Amma in na rubuta lambar da ta sauka, ofis zai tambayi ina nauyin ya tafi, daga nan a tono faɗuwar da ban sa wa ja ba. Sai in buɗe shafin jiya in kwafo lambar jiya. Da rubutuna mai kyau nake yi, har ana nuna wa sababbi shi.

A ɗaya daga ƙauyukan nan yayata Halima take aiki. 'Yar wan babana ce, gida ɗaya muka tashi, ita ta goye ni. Ita ce hakima, mai duba marasa lafiya, a shafahanar garin, ɗan asibiti mai ɗaki biyu, ba likita sai ita. A lokacin ba a kawo musu farantan hasken rana ba. Tana da talaja guda, firji ƙarami, a ciki take ajiye alluran rigakafin yara da maganin sarar maciji. Maganin nan irin na ruwa ne a 'yan kwalabe, ba ya son zafi ko kaɗan, in ya kwana biyu ba sanyi ya tashi daga aiki. Ku kun san yadda kakar riɗi take. Ana yanke shi a jingine dami-dami a gona ya bushe, macizai kuma su mayar da gindin damin ɗaki. Duk shekara sai an kawo mata mutane a kan amalanke.

Duk sanda ta shigo gari sai ta biyo ta mahatta da 'yar tsarabarta. "Abbakar, wutar nan taku za ta kashe ni. Kwana uku ina jiƙa buhu ina lulluɓe tulu." Ni kuma in ce, "Ma'alesh Yaya, yi haƙuri, za a duba." In kira masu gyara a ɓoye su je su canza fis, ba tare da ya shiga daftari ba. A ganina ma taimako nake yi mata.

Shekarar da nake ce wa muguwar shekara, Usta Hamad ya yi ritaya, ni ne babba. Ana saura kaɗan damina ta faɗi sai ga wani muhandis, wato injiniya, daga ofis, saurayi mai natsuwa, ɗan arewacin ƙasar nan, Larabci yake yi, ba ya jin Hausa. Ya ce an samu turaku da waya da tangaran sababbi, amma na layi ɗaya tak, kuma dole a gama kafin ruwa ya rufe hanya. Ko layinmu na gabas, ko wani layi na mahattar yamma. Ya ce shi ba zai bi son rai ba, daftari zai bi, inda aka fi katsewa nan kaya za su tafi.

Ban san yadda Yaya Halima ta ji labari ba. Da hantsi, muhandis na zaune a kujerata yana buɗe shafukan daftarorinmu da ya taho da su daga ofis, sai ga ta ta shigo, takalminta duk ƙura, ta fito tun asuba a bayan motar buhuna. Ta gaishe shi, ta buɗe jaka ta fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ashe tun bara take rubutawa. Duk ranar da talajar ta yi shiru ta sa rana da lokaci, duk ranar da ta dawo ta sa. Da fensir, wani wurin da biro, wani shafin har da tabon maganin ciwo. Ta ajiye shi kusa da nawa.

Muhandis ya daɗe yana duba wannan yana duba wancan. Ya sa yatsa a wata rana a littafinta, ya nemo ranar a nawa. A nata kwana uku ba wuta. A nawa shuɗi ne reras daga sama har ƙasa, lamba na bin lamba. Ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba.

"Ya Haj Abbakar, ɗaya daga cikin littattafan nan bai faɗi daidai ba. Kai ne a gaban allo. In ka ce mini nata ne daidai, zan yarda, in kai kayan gabas. Sai dai ka sani dole in rubuta cewa daftarin mahatta ba abin dogaro ba ne."

Kun ji fa. Mutumin nan ya buɗe mini ƙofa da hannunsa. Kalma ɗaya ce. Me zai same ni? Takardar tuhuma, ko a sauke ni daga babba, ko a tura ni bakin iyaka kamar Usta. Ba wanda zai yanka ni. Amma na tuna yadda ake kiran sunana a ofis, na tuna Mahauci da dariyar da na yi masa, na ga yadda za a ce ashe daftarin Abbakar fenti ne. Sai na ji bakina yana cewa, da Larabcina mai kyau, "Ya bashmuhandis, daftarin hukuma shi ne daftari. Wataƙila wayar cikin shafahanar ce ta lalace, ko talajar ta tsufa. Daga wurinmu wuta ba ta yanke ba."

Yaya Halima ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta yi mini magana da Hausa, a hankali, don kada baƙon ya ji.

"Abbakar. Dube ni."

Ban duba ba.

"Kai ka turo masu gyara sau nawa? Ka manta? Ba don kaina na zo ba, ka sani. Ka faɗa masa gaskiya, ni zan roƙe shi ya rufa maka asiri."

Na ce, "Yaya, ki bari mu yi magana a gida."

Da ta so, da ta juya harshe ta gaya wa muhandis komai, har sunayen masu gyaran ta sani. Ba ta yi ba. Ko a wannan hali ba ta yarda ta tozarta ƙaninta a gaban baƙo ba. Ta ɗauki littafinta ta mayar a jaka, ta yi wa muhandis godiya, ta fita. Na ba ta ruwa a bakin ƙofa ba ta karɓa ba. Kayan suka tafi yamma, layin Mahauci, wanda ko rabin wahalar namu bai kai ba.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Turaku biyar suka kwanta a layin gabas, aka tayar da su da igiya da addu'a. Wajen ƙarshe, riɗi ya nuna an fara yanka, sai aka yi wani ruwa na bazata kwana biyu a jere. Layin ya faɗi da la'asar ina wardiyya, na mayar, ya zauna, allura ta sauka. Na kira masu gyara, suka ce ko tarakta ba za ta shiga hanyar nan ba sai ƙasa ta sha iska. Kwana biyar garin ba wuta. Yaya ta yi dabarar tulu da jiƙaƙƙen buhu har ta gaji, ƙanƙara kuma ba mai kawowa. A rana ta huɗu ta ɗaga kwalaben ta ga ruwan ciki ya yi gajimare. Ta san in ta ɗura wa mutum wannan, ita za ta ƙarasa shi. Ta ware su gefe.

Kashegari da azahar aka kawo mata Idrisu. Ɗan unguwarmu ne a nan Gadarif, tare muke sallar Juma'a, yakan fita aikin yankan riɗi duk kaka don ya ciyar da 'ya'yansa. Ya sa hannu zai gyara dami, ya taka maciji a gindinsa, ya sare shi a ƙafar dama sama da idon sawu. An kawo shi da wuri, wannan shi ne abin da ke ci na har yau. Da maganin na da kyau, da a ranar zai kwana a shafahana, bayan sati ya koma gona. Ta wanke, ta ɗaure, ta yi abin da za ta iya, ta sa aka ɗora shi a amalanken jaki. Kusan kwana biyu suna fama da laka kafin su kai inda mota take. Da suka iso babban asibiti ƙafar ta riga ta yi baƙi. Ransa ya tsira, amma sai da aka yanke ta daga gwiwa.

A wajen mai shayi na ji labarin, ana ta salati, ana cewa ƙaddara. Na koma mahatta na buɗe shafukan kwanakin nan biyar. Shuɗi ne tsaf, rubutuna, ba kuskure ko ɗaya. Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da mai gadi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko a ranar ban je ofis na tona kaina ba. Abin da na iya kawai shi ne daga ranar na fara sa ja. Ƙiftawa, faɗuwa, saukar allura, komai. Takardun tuhuma suka yi ta zuwa, na yi ta amsawa, aka fara cewa Abbakar ya tsufa hannunsa ya lalace. Ba a kai ni Gallabat ba, ba a ma sauke ni ba. Abin da na ji wa tsoro duk bai wuce takarda ba. Bayan damina biyu jan ya taru ya isa, aka zo aka sabunta layin gabas.

Yanzu ku kwamfuta ke ɗaukar muku rabin karatun, amma har yau akwai gurbin da mutum ke cikawa da hannunsa: me ya faru, tsawon wane lokaci, su wa ya shafa. Garin nan kuma ya cika da baƙin da yaƙi ya koro, kowane layi yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa, kayan gyara ba su isa ba. Wani yana can zaune a ofis bai taɓa taka lakarmu ba, da abin da kuka rubuta zai yanke inda za a kai turaku. Shi ya sa in na ji kuna cewa aikin ba wuya raina yake ɓaci. Karanta allura kam, a sati za ku iya.

Na je wa Yaya Halima bayan an sallami Idrisu. Na same ta tana shanya a tsakar gida, na durƙusa kamar yaro na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da shanyarta, sai da ta gama ta ce, "Ni me ka yi mini? Ƙafafuna biyu ga su. Ka san gidansa." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Na san gidansa. Na kai ƙofar ya fi a ƙirga, in yi sallama, a gaisa, in tambayi jiki, in fito. Yanzu yana zama a bakin kasuwar hatsi yana ɗinkin buhu, sandunansa a jingine da bango. Ba na iya wucewa bai gan ni ba. Makon jiya ma ya hango ni ya ɗaga hannu.

"Haj Abbakar mai kahraba! Zo nan, wallahi ba ka wucewa. Ya hajja mai shayi, kawo biyu!"

Na zauna a kan buhu. Wuta ta ɗauke a kasuwar a daidai lokacin, mutane suka fara tsaki suna zagin ma'aikata. Idrisu ya juya ya ce musu su yi shiru, ba su san wahalar da mutanen nan ke sha ba. Sannan ya dafa gwiwata.

"Ni ban taɓa ganin laifinku ba, Haj. Ku ƙanana me za ku yi? Manyan ne ba su san halin da layin nan yake ciki ba. Da a ce an samu mutum ɗaya ya gaya musu a lokacin, ai da sun gyara."

Na ce masa haka ne. Ya miƙo mini shayin, na karɓa da hannu biyu na sha.